Fentin Ruwa Da 'Yan Jiragen Roba: Tarihin Sana'ar Da Ta Ruɗi Idon 'Yan Kallo

Mai karatu, idan ka taɓa kallon fim ɗin Star Wars na farko, wanda ya fito ran 25 ga Mayu, 1977, da wuya ka manta da yadda ya buɗe. Wani ɗan kumbo ne ya wuce a guje, sai ga wani ƙato ya biyo shi ta saman kanka, yana ta wucewa, yana ta wucewa, kamar ba shi da ƙarshe. A cikin labarin, tsawon wannan ƙaton ya kai mil guda. To amma abin da aka ajiye a gaban kyamara bai wuce ƙafa uku ba. Kai kaɗai ma sai ka rungume shi ka ɗora a kan tebur. Jikinsa kuwa cike yake da guntayen roba da aka ɓalle daga 'yan tankokin yaƙi da jiragen ruwa, irin waɗanda ake sayarwa a kwali mutum ya je gida ya harhaɗa da gam.

Abin da ya sa idonka ya yarda da wannan ƙarya abu biyu ne, kyamara da fenti. Labarin kyamara an sha ba da shi. Yau na fenti za mu bi, musamman fentin ruwa da ake kira akirilik, da yadda aka yi ya haɗu da waɗannan 'yan samfura na roba. Tarihi ne na abubuwa biyu da suka taso daban-daban, kowane da garinsu, suka kwashe shekaru masu yawa kafin su saba da juna.

Jirgin da ba ya tashi

A 1936 ne wani kamfani a Ingila mai tambarin Frog ya fara sayar da 'yan jiragen sama na roba waɗanda mai saye ke harhaɗawa da kansa. Da ma kamfanin ya yi suna wajen ƙera jiragen wasa masu tashi. Su waɗannan sababbi na ajiyewa ne a yi ta kallo, shi ya sa aka raɗa musu suna Penguin, sunan tsuntsun nan na ƙasar ƙanƙara da ke da fiffike amma ba ya tashi. An yi su bisa ma'aunin 1:72, wato duk inci guda a jikin samfurin yana matsayin ƙafa shida a jikin jirgin gaske. Ka ga ke nan dogon mutum mai ƙafa shida ya koma inci guda. Jirgin yaƙin nan Spitfire, wanda faɗin fikafikansa ya kusa ƙafa 37, ya koma kimanin inci shida, sai ka ɗora shi a tafin hannu.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, sai wasa ya zama aiki. A 1942 rundunar sojan ruwa ta Amurka ta nemi 'yan makaranta su sassaƙa mata samfurin jirage har 500,000 bisa wannan ma'auni na 1:72, a shafe su da baƙin fenti. Da su aka riƙa koya wa soja gane jirgi daga siffarsa tun yana nesa, don kada ya harbo nasu ya bar na abokan gaba.

Bayan yaƙi sai kasuwa ta buɗe. Wani ɗan ƙasar Hangari mai suna Nicholas Kove ya kafa kamfanin Airfix a Landan tun 1939, ya kuma yi kuɗi da ƙera matajin kai na roba. A 1949 aka ba shi kwangilar ƙera 'yar tarakta ta Ferguson don tallar ta gaske. Da aka ga harhaɗa ta na cin lokaci da kuɗi, sai aka fara sayar da ita a wargaje. A 1952 suka fitar da ɗan jirgin ruwa mai suna Golden Hind, a cikin leda, ana sayar da shi a kantunan Woolworths a kan sule biyu, fataka guda ke nan a lissafin iyayenmu. Yaro ma na iya tara kuɗin tara ya saya. A Amurka kamfanonin Revell da Monogram suka shigo. A Jafan kuma, kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka, wanda Yoshio Tamiya ya kafa a 1946 a matsayin wurin yanka katako, ya koma roba a 1960. Tankar Panther da suka yi a farkon shekarun 1960 an auna ta ne yadda batir da inji za su shiga cikinta, da aka lissafa sai aka ga ta faɗa a kan 1:35. Har yau wannan shi ne ma'aunin da ya fi yawa a 'yan tankokin yaƙi.

Robar da aka tsaya a kanta ita ce folistarin. Tana da arha, tana narkewa ta shiga kowane lungu na mazubi, kuma ba ta lanƙwashewa in ta tsufa kamar robar da Frog suka fara da ita. Sai dai fa tana fitowa ne da launi guda, toka-toka ko kore ko fari, tana ƙyalli irin na bokitin wanka. Ba wanda zai gan ta ya ce jirgi ne sai an yi mata fenti.

Zamanin fentin mai

Fentin da aka fara samu na mai ne. A birnin Hull na Ingila akwai kamfanin da aka kafa a 1919 yana sayar da man keke, daga baya ya shiga yin baƙin fenti na gyaran keke. Shi ne ya zama Humbrol. A shekarun 1950 ya fara zuba fenti a 'yan gwangwanaye masu cin mililita 14, kowane launi da lambarsa. A Amurka kuma Testors ne ke wannan sana'a, da 'yan kwalabensa.

Kai da ka taɓa kwana a ɗakin da aka yi wa ƙofa fentin mai, ka san halinsa. Yana kama jiki sosai, yana kwanciya sumul, amma ga wari mai sa ciwon kai, ga jinkirin bushewa. Ka shafa sau ɗaya, sai ka jira awa shida ko fiye kafin ka ƙara, wani lokaci ma sai ya kwana. Buroshi ba ya wankuwa sai da tina ko makamancinta. Wani abin haushi kuma, in aka yi amfani da tina mai ƙarfi irin ta masu fentin mota, sai ta cinye fuskar folistarin ta bar ta a yamutse. Ka tuna kuma yawancin masu wannan aiki yara ne, a cikin ɗakin kwana, a ƙasar sanyi inda ake rufe taga ruf. Iyaye mata da yawa sun yi faɗa a kan wannan wari da tabon da ba ya fita a riga. Haka aka yi ta haƙuri da shi wajen shekara 30, domin babu wani.

Daga ɗakin binciken Jamus

Alhali kuwa maganin yana nan tun tuni, a wani fagen daban. A 1901 wani ɗalibin kimiyyar haɗa sinadarai a Jamus, Otto Röhm, ya rubuta kundin digirinsa na dakta a kan yadda sinadarin akirilik ke sarƙewa ya zama abu mai kauri. A 1907 shi da abokinsa Otto Haas suka kafa kamfani. Sai a 1933 bincikensa ya haifar da Plexiglas, wato roba mai haske kamar gilashi wadda ba ta tarwatsewa. A Ingila kamfanin ICI ya fito da irinta da sunan Perspex, kuma da ita aka yi rufin da matuƙin Spitfire ke leƙowa ta ciki. Ka ga abin mamaki: akirilik ya hau jirgin gaske shekaru da dama kafin ya hau ɗan samfurinsa.

Bari in ɗan ratse. Wani likitan ido a Landan, Harold Ridley, ya lura cewa matuƙan da ɓarɓashin wannan roba ya shiga idonsu a wurin yaƙi, idon ba ya ƙin ta. Daga nan ya samo dabarar sa wa mutum ƙwayar gani ta roba bayan an cire masa yanar ido, ya fara yi a 1949. In akwai tsoho a gidanku da aka yi wa aikin yana aka sa masa gilashi a ciki, to ɗan'uwan wannan fenti ne a idonsa.

Mu koma kan fenti. Tun 1934 aka gano a Jamus yadda za a sa ƙananan ƙwayoyin akirilik su yi ta yawo a cikin ruwa ba tare da sun dunƙule ba. Masu zane ne suka fara ɗokin abin. A birnin New York, Leonard Bocour da Sam Golden sun haɗa wani fenti mai suna Magna tsakanin 1946 da 1949, sai dai shi da tina ake tsinka shi. A 1955 Henry Levison na birnin Cincinnati ya fito da Liquitex, wanda ruwa kawai yake bukata. Kafin shekarun 1960 su ƙare, manyan masu zane irin su Andy Warhol da David Hockney sun rungume shi. Zanen Hockney na wurin wanka, A Bigger Splash na 1967, da akirilik aka yi shi.

Yadda yake aiki ba wuya. Abu uku ne a cikin kwalbar: garin launi, da ƙwayoyin roba waɗanda ido ba ya gani, da ruwa. Idan ka shafa, ruwan ya bi iska, sai ƙwayoyin su matso kusa, su manne da juna, su zama fata guda siririya da ta riƙe launin. Shi ya sa yana ɗanye ruwa ke wanke shi, in ya bushe kuwa ruwa ba ya yi masa komai. Ɗan'uwan fentin ruwan da ake shafa wa bangon ɗaki ne, sai dai garin launinsa ya fi laushi nesa ba kusa ba.

Da aka haɗu

To me ya hana shi hawa 'yan jirage tun a 1955? Hali ne bai zo ɗaya ba. Takarda da yadi da bango suna shan ruwa, folistarin kuwa ba ta sha. Ka zuba mata ruwa sai ya dunƙule ya gangare kamar a kan ganyen gwaza. Fentin mai yana cizon roba ya kama, na ruwa kuwa kwanciya kawai yake yi a sama, farce ma sai ya kankare shi. Na masu zane kuma yana da kauri, yana cike 'yan layukan da aka zana a jikin samfurin, waɗanda wasu ba su fi kaurin gashi ba.

Sai da masana'antu suka zauna suka yi wa roba nata na musamman. A farkon shekarun 1980 Tamiya ta fito da akirilik ɗinta a 'yan kwalabe, wanda aka sa wa sinadarin alkohol don ya baje a kan roba ya kuma bi ta bindigar feshi. Kamfanin Games Workshop na Ingila, mai wasan Warhammer da ya fito a 1983, ya yaɗa fentinsa na Citadel a hannun dubban matasa masu fentin 'yan sojojin wasa. Amma wanda zai fi ba ka sha'awa, kai mai son fim, shi ne Vallejo. An kafa shi a jihar New Jersey ta Amurka a 1965, ya koma yankin Basalona ta Sifen a 1969, kuma sana'arsa ta farko ita ce haɗa fenti don masu finafinan katun. A wancan zamani kowane hoto na katun da hannu ake shafa masa launi a kan leda mai haske. Ana bukatar fentin da zai kama leda, ya rufe ruf, ya bushe da wuri, kuma launinsa ya zama ɗaya daga hoto na farko har na dubu. Waɗannan su ne ainihin abin da mai fentin samfuri ke nema. A shekarun 1990 sai Vallejo ya zuba wannan ilimi a 'yan kwalabe masu bakin ɗigo, irin na maganin ido, ya shiga kasuwar samfura.

Su ma masu aikin sai da suka sake koyo. An gane dole a wanke roba da ruwan sabulu tukuna, don fitar da maiƙon mazubi da na hannu. An gane sai an fara yi mata shimfiɗar farko, wato fentin ƙasa da zai kama robar, na sama kuma ya kama shi. An gane gara a tsinka fentin ya yi ruwa-ruwa kamar madara a shafa sau biyu ko uku, da a lafta shi da kauri sau ɗaya. Kuma ko da yake cikin minti 15 ko 20 za ka taɓa ka ji ya bushe, ƙarfinsa na gaske sai ya kwana. Saurin bushewar nan ita ce daɗinsa, ita ce kuma wahalarsa, domin yakan bushe a bakin buroshi. Wanda zai gwada shi a nan wajenmu lokacin hunturu zai ga haka da idonsa. Dabarar da aka samo ita ce a shimfiɗa soso mai laima a faranti, a ɗora takarda a kai, a riƙa ɗiga fentin a nan.

Fentin mai bai mutu ba, amma ya ja baya. A 2006 Humbrol da Airfix, waɗanda a lokacin suke hannu ɗaya, suka durƙushe, kamfanin Hornby ya saye su. Yau dukkan manyan kamfanonin nan, har da Humbrol ɗin, suna da nasu akirilik. Kasuwar kuma ba ƙarama ba ce: 'yan mutum-mutumin Gundam da Bandai ta fara sayarwa a 1980 a kan Yen 300, bayan katun ɗinsu na 1979, an sayar da fiye da miliyan 700 zuwa 2021.

Dauɗa ita ce sirrin

Yanzu mu koma sinima. Amfani da ƙaramin abu a nuna shi a matsayin babba ya girmi roba. An yi shi a Metropolis na Jamus a 1927. An yi shi a Godzilla na 1954, inda Eiji Tsuburaya ya gina birnin Tokiyo bisa ma'aunin 1:25 don dodo ya tattake. Amma Derek Meddings na Ingila, wanda ya yi aikin shirin talabijin na Thunderbirds a 1965, yana cikin waɗanda suka nuna wa duniya abu biyu: manna guntayen samfuran kanti a jikin abin da ka ƙera, da kuma ɓata shi da dauɗa da gangan. Fim ɗin 2001: A Space Odyssey na 1968 ya bi wannan hanya da kumbonsa mai tsawon ƙafa 54.

Da George Lucas ya kafa kamfanin Industrial Light and Magic a 1975 don aikin Star Wars, ya nace cewa kada jiragensa su fito kamar yau aka ɓare su daga leda. Yana so su yi kama da motar haya da ta sha hanya. Sai ma'aikatansa suka yi ta sayen samfuran Tamiya da Airfix da sauransu, suna ɓalle abin da suke so. Gaskiyar tarihi ita ce, fentin da suka fi dogara da shi a lokacin ba akirilik ba ne, Floquil ne, mai tina, wanda aka yi don masu 'yan jiragen ƙasa na wasa. An daina yin sa a 2013. Amma dabarun da suka yi aiki da su su ne waɗanda akirilik ya sauƙaƙa wa kowa daga baya.

Dabarun kuwa ga su. A tsinka baƙin fenti ko ruwan ƙasa ya zama kamar ruwan shayi, a bar shi ya gangara cikin lunguna, sai ya zama inuwa. A tsoma buroshi a launi mai haske, a goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, sannan a shafa a kan gefuna, sai su fito kamar ƙarfen da ya goge. A zana zirin tsatsa da na baƙin mai daga inda ya kamata su zubo. A kuma rage ƙarfin launi da ɗan fari, domin abin da ke nesa iska da ƙura kan dusashe shi; dubi dutse daga nesa ka ga yadda yake yin toka-toka. Mutane irin su Sheperd Paine na Amurka, wanda bayanansa ke zuwa a cikin kwalayen Monogram a shekarun 1970, da François Verlinden na Beljiyam, su suka koyar da waɗannan dabaru ga masu yi a gida.

Sai kuma lissafin kyamara. Ƙaramin abu yakan faɗi da sauri, ido ya gane shi nan take. Don haka ake ɗaukar sa da gudu a nuna shi a hankali. In samfurin 1:25 ne, sai a ninka gudun kyamara sau biyar, hoto 120 a daƙiƙa maimakon 24. Da irin wannan aka tarwatsa fadar shugaban Amurka a Independence Day na 1996, samfuri ne na 1:12. Jirgin Titanic na 1997 da ya sa mutane kuka, a wurare da yawa samfuri ne na 1:20 mai tsawon kusan ƙafa 45. Bayan Jurassic Park na 1993 an yi zaton kwamfuta ta kashe sana'ar, amma ga The Lord of the Rings na 2001 zuwa 2003, ga Interstellar na 2014, duk sun gina samfura, domin haske na sauka a kan abu na gaske yadda kwamfuta ke shan wahalar kwaikwaya.

Mai karatu, dalilin da ya sa na kawo maka wannan dogon tarihi shi ne, sau nawa ka kalli fim ɗinmu aka ce mota ta faɗa rami ko gida ya ƙone, amma ba ka ga komai ba sai wani ya shigo a guje yana ba da labari? In ka tambaya a ce babu kuɗin ƙona gida. Ai su ma waɗancan ba su ƙona fadar gaske ba. Kayan aikinsu roba ne da katako da gam da fenti da haƙuri, sai mai kyamara da ya san lissafinsa. Fentin da a da sai da tina da ciwon kai, yau da ruwan randa ake tsinka shi. Masu hannun ma muna da su: duk unguwar da ka shiga akwai yaron da ke ƙera motar kara ko ta langa-langa, har da ƙofa mai buɗewa da tambarin kamfani. Furodusan da ya nemo irin wannan yaro, ya saya masa buroshi da 'yan kwalaben fenti, ya zaunar da shi kusa da mai ɗaukar hoto na wata guda, zai ga abin da zai fito.